Ragin hanya daga Mirya zuwa Damagaram

A Mirya nake kwana, a Damagaram nake koyarwa. Kilomita 18 ne tsakani, bisa babbar hanyar da ta fito daga Gure. Na daɗe ina zirga-zirga da motar tasha, ranar da na makara kuma in hau kabu-kabu. A 2023, da Najeriya ta cire tallafin mai, esansin kwalba da ake shigowa da shi ta Magarya da Matamai ya yi tsada, kuɗin mota ma ya tashi. Albashin malami kuwa yana nan inda yake.

Kullum da safe ina ganin motocin mutanen garinmu suna wucewa, mutum ɗaya a ciki. Ragin hanya ai tun kakanni ake yi, sai dai na mai rabo ne. A fadarmu muka ce bari mu tsara shi: wuri ɗaya gindin dogon yaro a bakin gari, ƙarfe bakwai saura kwata, ga littafi da sunayen masu mota da na masu shiga, kowa ya ba da dala arba'in na mai.

Kawuna na fara tunkara, shi da ke da shago a kasuwar Dole. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, in na ɗauke ka don Allah, ina da lada. Ranar da ka rubuta sunana ka miƙo mini dala arba'in, na zama direbanka ke nan." Na ji zafin maganar, don a ganina sauƙi na kawo masa. Sai da mutum na uku ya faɗa mini kusan haka na gane cewa littafin ne ba sa so. Mai mota yana son ya tsaya da ransa, ya ce bismilla, a yi masa godiya da addu'a.

Mutanen tasha ma suka aiko. Suka ce muddin ana karɓar kuɗi to haya ce, su kuwa suna biyan lamba da takardu. Gaskiya suka faɗa, da wannan aikin suke ci da iyalansu. Muka aje littafi, muka bar zancen kuɗi. Wuri da lokaci kawai muka riƙe. Ƙarshen wata mukan haɗa abin da ya samu, yaro ya kai galan gidan mai motar ba tare da surutu ba, wani kuma ya kai mangwaro ko salati daga garka.

Mata sun ɗauki lokaci kafin su fito. Magidanta ba su amince ba sai da wata hajiya ma'aikaciyar asibiti ta fara tsayawa tana ɗaukar mata zalla, da ɗalibai ƴan mata masu zuwa jami'ar André Salifou.

Kuskurena babba shi ne ranar da na sa wani saurayi cikin motar Kawu, ban san gidansu ba, don kawai ya ce ya makara. Bai yi komai ba, amma da Kawu ya tambaye ni ɗan wane ne na kasa amsawa. Mako biyu yana wuce mu ba ya tsayawa, har na je gida na ba shi haƙuri. Tun daga nan baƙo ba ya shiga sai wani a cikinmu ya san mahaifinsa ko unguwarsu.

Komawa da marece har yau ta gagare mu, don kowa da lokacin tashinsa.

A watan Maris na 2025, cikin azumi, aka yi ƙarancin esansi, layi ya cika gidajen mai. Motocinmu biyar suka koma biyu. Kawu ya riƙa ɗaukar mutum huɗu a baya, a cikinsu har da ɗaya daga direbobin tashar nan, wanda motarsa ta kwana uku a layi cikin Damagaram.