Kibod mara waya mai wurin shafawa: abin da nake nema

Tunda na haɗa kwamfuta da talabijin na koma aiki daga kan kujera, na gane cewa ba kowane kibod mara waya ne ya dace da wannan zaman ba. Ka ɗora shi a cinya, ga maus kuma yana zamewa, ai dole ka nemi kibod ɗin da wurin shafawa ke jikinsa, wato ɗan filin da ake shafawa da yatsa a madadin maus.

To amma wurin shafawar nan shi ne inda ake yin ta. Nawa ɗan ƙarami ne, kana cikin rubutu gefen tafin hannu ya taɓa shi, sai kibiyar ta yi tsalle ta koma wani layi, ka ci gaba da rubutu a inda ba ka nufa ba. Abin haushi! Ina son wanda ke gefen dama, mai faɗi, wanda yatsu biyu za su ja shafi sama da ƙasa, da maɓallan dannawa na hagu da dama daban.

Wajen haɗi, na fi son ya zo da Bluetooth da kuma ɗan abin da ake sakawa a USB mai 2.4 GHz. Bluetooth ba ya cin ramin USB, amma sau da yawa ba ya aiki kafin kwamfuta ta gama tashi, don haka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin ta gama tashi, sai da ɗan abin nan na USB. In yana aiki daga nisan mita 10, ya ishe ni.

Hasken maɓallai yana da daɗi da dare, sai dai yana shan batir. In za a sa shi, a sa caji ta USB-C da makunnin kashewa na gaske.