Alhamdulillahi, goshina ya taɓa ƙasa

Assalamu alaikum. Jiya Juma'a na yi sujada, goshina a ƙasa, karo na farko cikin wata 7. Duk wanda ya saba ganina a ƙarshen sahu kan farar kujerar roba tun bayan ƙaramar sallah ya san abin da nake nufi. Na daɗe ban ɗago ba. Na kusa da ni ya zaci bayan ne ya sake riƙewa, alhali kuka ne ya ci ƙarfina.

Ba sai na maimaita labarin ciwon bayana ba, kun sha shi har kun gaji. Godiya na zo yi.

Ranar da aka fara kai ni sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala, ƙafata ta hagu kamar ba tawa ba. Hoton MRI ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu, wajen da suke kira L4 da L5, ya turo ya danne jijiyar da ke sauka har tafin ƙafa. Ni dai na riga na sallama, na ce keken guragu ne makomata. Likitan gashin, yaro ne sa'an ɗana na fari, ya fara da tambayata ko ina iya riƙe fitsari da bayan gida. Na ce ina iyawa. Ya ce to da sauƙi, inda babu wannan da sai aikin gaggawa. Sannan ya ce in hau gado. Na tsaya ina kallon takalmina, na kasa sunkuyawa, ga kunya. Sai kawai ya durƙusa ya ce, "Baba, bar shi, ni zan cire maka." Wallahi har yau idan na tuna sai idona ya kawo ruwa. Ya hana ni faɗar sunansa, amma Allah Ya san shi. Allah Ya jiƙan mahaifansa, Ya ba shi 'ya'yan da za su yi masa fiye da haka.

Sau biyu a mako yana gasa mini bayan, ya sa babban yatsa ya bi tsokar da ta ɗaure kamar igiya yana tausawa har ta saki. Kullum kuma sai ya nanata cewa hannunsa kaɗai ba zai wadatar ba muddin ban gyara zama ba. Shekara 26 ina duƙe kan keken ɗinki a benci marar jingina! Yanzu kujera ce mai baya, da tawul a naɗe a ƙugu, duk rabin awa in miƙe in taka. Ko tashi daga shimfiɗa sai da ya koya mini: in juya gefe, in sauke ƙafafu, in dogara da hannu.

Uwargida ta ce kada in sa ta a nan. Ki yi haƙuri, sai na sa. Ke kika riƙa dafa ruwan gashi da tsakar dare, kika sayar da ɗan kunnenki ba tare da kin faɗa mini ba. Allah Ya sa Aljanna ce sakamakonki. Maƙwabcina mai adaidaita sahu, wanda yake lallaɓa kowane rami saboda ni kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba, Allah Ya ba ka taka ta kanka. Yaran shago da suka riƙe amana, da jama'ar masallacinmu, Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku da kwanciyar jinya.

Akwai 'yan uwa na jini da na sa ran ko waya za su buga, waɗanda ban taɓa karɓar kuɗin ɗinkinsu ba. Na dai yi shiru. Allah Ya bar zumunci.

Masu kaya a wajena, na gode da haƙuri. Litinin in sha Allahu zan buɗe shago, amma daga safe zuwa azahar kawai, haka likita ya yarje mini.