Godiya bayan jinyar ƙanenmu, da roƙo ga samari

Alhamdulillahi, an sallamo ƙanenmu daga asibiti bayan tiyatar kansar maraina, gwajin jinin baya-bayan nan ma ya yi kyau. Kun san yadda aka sha, ba sai na maimaita ba.

Likitan da ya yi tiyatar, Allah Ya ƙara basira. Kawu da ya kwana a asibiti, Inna da ba ta gajiya da addu'a, Allah Ya biya ku da Aljanna. Sai ma'aikaciyar jinyar nan da ta lura kunya ta hana yaron faɗin inda ke damunsa, ta fitar da kowa, ta ja labule, ta kira masa likita namiji. Allah Ya rufa mata asiri duniya da lahira, Ya raya mata zuri'a. 'Yan uwan da ko waya ba su buga ba, Allah Ya sa uzuri ne ya riƙe su.

Roƙona ga samari, musamman 'yan shekara 15 zuwa 35, don su kansar maraina ta fi kamawa: ku riƙa duba kanku sau ɗaya a wata. A yi bayan wanka da ruwan ɗumi, lokacin fata ta saki. A kama ƙwaya ɗaya tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, a mirgina ta a hankali, sannan ɗayar. Ɗaya ta ɗan fi girma ko ta fi sauka ƙasa ba komai ba ne. Jijiya mai laushi da ke bayan kowace ƙwaya ma halitta ce, mutane da yawa ita suke taɓawa su firgita. Abin nema shi ne ƙullutu mai tauri a jikin ƙwayar, ko da bai wuce ƙwayar wake ba, ko kumburi, ko nauyi, ko ciwo ƙasa-ƙasa a mara da matsematsi. Yawanci ƙullutun ba ya zafi, shi ya sa ake sakaci har cutar ta bazu. Wanda aka haifa ƙwayarsa ba ta sauko ba, ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin wannan kansar, ya ƙara sa ido.

In an ji wani abu, a je a yi sikanin da gwajin jini, kada a tsaya cewa gwaiwa ce. Kansar nan tana cikin waɗanda suka fi jin magani, kuma ƙwaya ɗaya mai lafiya kan wadatar wajen haihuwa. Wanda za a yi wa maganin kemo, wato magani mai ƙarfi da ake kashe kansa da shi, ya tambayi likita batun adana maniyyi tun kafin a fara.

Allah Ya bai wa sauran marasa lafiya sauƙi, amin.