Idan Injin Wankinki Ya Fara Ruri Wajen Matsa

Yanzu a Zariya akan kai amarya ka ga injin wanki a cikin jerenta. Ina murna da haka, don na san abin da wankin hannu ke yi wa ƙugu. Sai dai ni da kaina na kashe nawa na farko tun bai cika shekara 3 ba, har yau abin yana damuna, shi ya sa nake son ƙannena su ji yadda aka yi.

Mai ƙofa a gaba ne, mun saye shi bayan mun tare a Hanwa. Yaran shago suka sauke, suka jona ruwa da wuta, suka kama gabansu. Wanki ya tafi lafiya lau. Da aka zo matsa sai gidan ya ɗauka, dum-dum-dum, inji yana tsalle yana matsowa har tiyon ruwansa ya miƙe. Na zaci haka halinsu yake. Na sa aka aza masa bulo biyu, wani lokaci in danne shi da hannu har ya gama. Mako uku ana haka, sai wani mai gyara da ya zo duba mana firji ya leƙa bayansa ya ce, "Hajiya, ai ba a kwance masa ɗaurin hanya ba." Wasu dogayen notuna ne, 3 ko 4, da kamfani ke ɗaure ganga, wato mazubin kayan da ke juyawa, da su don kada ta yi lilo a mota. Muddin suna ciki, sifirin da shokozoba ba su da aiki, duk jijjigar a jikin injin take ƙarewa. Da sifana ya zare su nan take. Bayanin yana nan ɓaro-ɓaro a takardar cikin kwali, ni ce ban buɗe ba. Ki karanta taki, ki kuma adana notunan saboda ranar sauya gida.

Shi ne kuma ya nuna mini ƙafa ɗaya tana reto, domin daɓen wurin an yi masa gangare saboda ruwa ya bi rariya. Ki dafa kusurwa biyu masu kallon juna ki girgiza. In ya motsa, ƙafafun murɗa su ake yi har su zauna daram, sannan a ɗaure notinsu. Kwalin da na riƙa cusawa a ƙasa jiƙewa yake yi ya lotse.

Kuskuren da ya fi cina shi ne na bargo. Duk ƙarshen hunturu nakan tura babban bargo shi kaɗai, ko darduma mai kauri, in tafi kicin. Bargo in ya sha ruwa dunƙulewa yake a gefe guda. Gangar da ke juyi 1,200 a minti, wato sau 20 a daƙiƙa ɗaya, ga nauyi duk a ɓangare ɗaya, dole ta riƙa dukan jikin inji. Abin yi kaɗan ne: ki tsayar, ki warware kayan, ki ƙara tawul ɗaya ko biyu su raba nauyin, ki rage gudun matsa. In bargon ya cika gangar har hannu ba ya shiga ta samansa, ba na injinki ba ne, a kai wa mai wanki.

Ni ban yi haka ba. A hankali ƙarar ta sauya, ta bar bugu ta koma ruri, kamar jirgi zai tashi, tana ƙaruwa da ƙaruwar gudu. Na ce ai yana wanke kaya tas, a bar shi. Watanni na yi ina rufe ƙofa don kada in ji. Ranar da na ga ɗigon tsatsa a farar jallabiyar maigida na kira mai gyaran. Ya cire wuta, ya juya gangar da hannu, muka ji tana gurza kamar an zuba mata yashi. Ya ɗaga ta sama, ta yi sako-sako. Boris ne ya tafi, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar gangar ke juyawa a cikinsa. Robar da ke tare masa ruwa ta cinye, ruwan omo ya wanke man da ke ciki, tsatsa ta kama har sandar da ke riƙe gangar. Ya ce, "Da tun farkon rurin kika kira ni, Hajiya, boris da roba kawai za mu canja." Kuɗin gyaran da ya lissafa ya sa muka haƙura da injin gaba ɗaya. Wannan gwajin ke ma za ki iya yinsa ba tare da kowa ba: lafiyayyar ganga shiru take juyawa, sai ɗan motsin iska.

In kuwa ƙarar ƙas-ƙas ce ko ƙyal-ƙyal, wani abu ne ya shiga. Daga matatar famfon da ke fitar da ruwa a injin nawa, wadda ke bayan ƙaramin murfi a ƙasa ta gaba, an taɓa fito da fil ɗin ɗankwali, ƙwallon dabino da tsakuwar aljihun yara. Ki tara faranti da tsumma kafin ki murɗe ta, ruwa zai zubo. Lalube aljihu kafin wanki ya fi wannan sauƙi.

Masu injin baki biyu, wanda ake wanki a gefe matsa a gefe, ku ma abin ya shafe ku. Ki jera kayan masu nauyi a ƙasa, ki danna su, ki ɗora musu faifan robar nan da ke zuwa da injin, wanda mutane ke yarwa. In injin yana gurnani amma ya kasa juyawa, sau da yawa wuta ce ta yi ƙasa, ki kashe shi kafin ya ƙone. Kuma ko wane iri ne, kada hannunki ko na yaro ya shiga sai gangar ta tsaya cak, an kuma zare waya daga bango.