Jinyar yayata bayan tiyatar gyaran ciki

Yau kwana 50 ke nan da aka yi wa yayata tiyatar gyaran ciki a Tunisiya, bayan haihuwa shida da ta raba mata naman ciki gida biyu, ta bar fata tana reto har ƙarƙashinta yana saɓewa a lokacin bazara. Aikin bai wuce awa uku ba. An yanka ta a saman mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, aka ɗinke naman da ya rabu, aka cire rarar fata, aka fito da cibiya ta sabuwar kafa. Sai da aka zare robobin da ke tsotse ruwa daga ciwon ta hau jirgi, jinyar kuwa ta biyo ta har Maradi, ta faɗo a hannuna.

Kwanakin farko a duƙe take tafiya, domin miƙewa tana jan ɗinki, kuma a kishingiɗe take barci da matashi ƙarƙashin gwiwoyinta. Duk da haka ina tashinta ta zaga tsakar gida sau da yawa a yini, saboda dogon kwanciya yana sa jini ya daskare a ƙafa. Salla a zaune take yi, daka da goyo da ɗaukar bokiti kuwa an hana ta har mako shida.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne Inna. Ta ga ciki a kumbure, sai ta hura wuta ta ɗora tukunya, ta ce: "Ƴar nan, gashi za a yi mata, kamar yadda na yi mata a kowane jego." Na durƙusa na ce: "Inna, ki yi haƙuri, ki taɓa nan ki gani." Ta danna ƙasan cibiyar da yatsa, Yaya ta ce ba ta ji komai ba. Ƙananan jijiyoyin fatar an yanke su, sukan yi watanni kafin su farfaɗo, don haka ruwan zafi zai iya ƙone wurin mai shi ba ta sani ba. Inna ta yi shiru, ta sauke tukunyar. Man kaɗanyar da ta kawo ma mun ajiye har ciwo ya rufe. Na san ƙauna ce ta sa ta, shi ya sa na mayar da ita kan girki: ƙwai, wake, kifi da kwaɗon zogale, waɗanda ke gina jiki kuma su sauƙaƙa bayan gida.

Kullum nakan wanke hannuna da sabulu, in cire ɗamarar robar da ke matse mata ciki, in duba ɗinkin daga farko har ƙarshe ko akwai ja, mugunya ko wari, in busar da wurin, in sa sabon bandeji. A zafin garin nan zufa takan jiƙa ɗamarar kafin azahar, sai da muka sayi ta biyu. A mako na uku na ji gefen hagu yana motsi kamar salka, muka tafi asibiti a ranar, likita ya zuƙe ruwan da sirinji, ya ce zazzaɓin da zafinsa ya kai digiri 38, ciwon sha-raɓa ko sarƙewar numfashi kada mu bari su kwana.

Tabon ya yi duhu ya ɗan tasa, an ce sai ya shekara ko fiye kafin ya kwanta, kuma muna lura da shi domin fatarmu takan yi tabo mai tudu. Shekaranjiya da asuba Yaya ta kai goshinta ƙasa a karon farko, ta daɗe ba ta ɗago ba.