Awoyina a bayan littafin awo

Ni tela ne a Fagge. Da a bara ka tambaye ni abin da na fi ɗauka da muhimmanci, da ba sai na yi tunani ba zan ce maka mahaifiyata, karatun Alƙur'ani, sai yarana. Har zuciyata na yarda da haka.

Wata Juma'a na je Ɗorayi gaishe da Hajiya. Na durƙusa, ta dube ni ta ce, "Ashe kana gari, ɗan nan?" Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, faɗa ma ba ta cika yi mini ba. Na ƙirga a zuci, sati biyar rabona da gidan, alhali adaidaita sahu ne kawai tsakaninmu. Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce Allah ya yi albarka.

Maganar aikin nan ita ta hana ni barci. Washegari na juya bayan littafin da nake rubuta awon mutane, na fara rubuta inda kowace awa ta tafi. Kwana 7 na yi ina haka. Ina awa 11 a shago, amma zaman kan keke bai wuce 6 ba. Sauran jiran wuta ne, da waya a hannu, da hira. Bayan isha'i kuma teburin mai shayi, musun ƙwallo da siyasa har sha ɗaya, in koma in tarar yara sun yi barci. Cikin awa 168 na mako, Alƙur'ani bai samu awa ɗaya cikakkiya ba.

Da zafina na tsara jadawali da agogo. Kwana uku ya yi. Wutar lantarki ba ta san agogo ba, jana'iza ma ba ta sallama. Sai na daina bin agogo na rataya komai a jikin salla, tunda ita ba ta tashi daga wurinta. Bayan asuba shafi biyu kafin in taɓa waya. Daga masallacin Juma'a sai Ɗorayi, shago a rufe. In an ɗauke wuta, yanka da sa maɓalli.

Majalisa kuwa na yi mata yankan ƙauna, kuma kuskure ne. Matar abokina ta haihu, ban ji ba sai bayan suna. Ashe a teburin shayin nan rabin zumuncina yake. Yanzu ina zuwa sau biyu a mako, in tashi ƙarfe tara da rabi, su yi ta tsiya wai an kafa mini doka a gida.

Abin ba kyauta ba ne. Rabin yinin Juma'a kuɗi ne, kuma gab da ƙaramar salla sai da na mayar da ɗinkin mutum huɗu. Goman ƙarshe na azumi ma duk tsarin ya watse, kwana muke a kan keke.

Makon jiya na makara, sai bayan la'asar na isa. Na tarar Hajiya ta rufe mini dambu a kwano, ta ce tun azahar take jin ƙarar kowane adaidaita.