Ƙugiyar Ɗ ta zauna, bayan kati 300 sun tafi a banza

Jiya da la'asar na karɓo katin ɗaurin auren daga maɗaba'a. Ban iya haƙuri na kai gida ba, a bakin titi wajen Ƙofar Ƙaura na faka babur na yage ledar. Alhamdulillahi. ƊAURIN AURE, ruwan gwal a kan kore mai duhu, Ɗ ɗin nan tana tsaye cikin 'yan uwanta kamar tare aka ƙera su. Kwana goma sha biyu harafin nan yana hana ni barci, shi ya sa na ce bari in rubuta muku tun abin yana da zafi a raina.

Aikin na Kawu ne, auren ɗansa na fari. Tsarin bai ba ni wahala ba, dare ɗaya na gama a CorelDraw, manhajar zane ta kwamfuta. Kuskuren da na tafka shi ne na tura fayil ɗin yadda yake, ban danna Ctrl+Q na mayar da rubutun zane ba. Kwamfutar maɗaba'a ba ta da salon rubutun da na sa wa ƙananan layuka, sai ta musanya da wani. Duk inda ƙ ko ɗ suke, ɗan akwati ya fito. Yaron da ke kan kwamfutar ya ga akwatuna, ya goge ya cika da k da d, ya tura wa inji. Shi a ganinsa gyara ya yi.

Kawu tsohon malamin Hausa ne. Ya sa tabarau ya karanta katin har ƙasa, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗan nan, bakin wa muke yi wa maraba?" Na duba. "Muna maraba da baki." Ga "dansu", ga "karfe 11 na safe". Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Kawu, zan sake." Bai ƙara cewa komai ba, kuma shirun nan ya fi min faɗa ciwo. Kati 300 ne a takarda mai kauri giram 300, har da laminashin. Naira 38,000 na sake fitarwa daga aljihuna, kuɗin da nake tarawa don batirin laftof.

Ƙananan layukan ba su da wuyar magani. Na mayar da su salon rubutu na Charis SIL, wanda yake da haruffanmu duka, manya da ƙanana. Andika da Gentium da dangin Noto ma suna da su, haka Arial da Times New Roman na Windows na yanzu. Babban kanun ne ya tsaya min a wuya. Salon da na zaɓar masa mai kauri ne, na ado, shi ne ma ƙawar katin, kuma ba shi da Ɗ ko kaɗan. A katin farko D ce zalla na bari, ina cewa ai kowa ya gane. Bayan kallon da Kawu ya yi min, wannan hanyar ta toshe.

Na fara da dabarar da yawancinmu ke yi: a zaɓi harafin shi kaɗai a mayar da shi Times New Roman mai kauri. A allo ya yi kamar zai wuce. Da na fitar a firintar ofis na manna a bango na ja da baya taku uku, sai ga Ɗ siririya, ƙafarta daban, tsayinta daban, tamkar baƙo a cikin dangi. Kada ku yarda da allo a wannan wurin. Na gwada zana ƙugiyar da hannu, layi ɗaya mai lanƙwasa na ba shi kauri. Ta fito kamar an liƙa waya a jikin ƙofa, domin kaurinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, alhali haruffan salon suna kumbura a ciki su sirance a baki.

Dare na huɗu ne abin ya faɗo min. Wanda ya zana salon ai ya riga ya zana ƙugiya, a jikin wasu haruffan take. Kan f ƙugiya ne. Wutsiyar J ƙugiya ce. Na rubuta f da d, na mayar da su zane, na sa wuƙa na yanke kan f daga inda ya fara lanƙwasa. Na rage tsayin sandar d daidai da abin da zan ɗora, don kada harafin ya zarce sauran tsawo, na ɗora kan f ɗin ya ɗan hau kan sandar, na yi musu walda. Wallahi da na ga ɗ ɗin nan sai da na miƙe tsaye. Haka na yi wa ƙ da ɓ, su ma ƙugiyarsu dama take kallo, yanka ɗaya ya ishe su duka ukun.

Manyan ne suka sha ni. Ƙugiyar Ɗ da Ɓ ta hagu take fita daga sama ta sunkuyo ƙasa, don haka wutsiyar J na yanko na kifa ta. Sau bakwai ina yi ina rushewa. In na bar ta da kaurinta, harafin ya yi nauyi ta hagu kamar zai faɗi. In na matse ta gaba ɗaya, bakinta ya zama zare. Abin da ya yi aiki shi ne na daina ja ta kusurwa, na danna F10 na bi gaɓoɓin, wato ɗigogin da ke riƙe da layin zanen, ɗaya bayan ɗaya, na gajarta tsawon na bar kaurin. Wajen haɗin kuma walda kan bar gaɓoɓi barkatai a cunkushe, su ne ke sa ɗan ƙullutu a gefen harafi. Sai an share su an bar biyu ko uku kafin layin ya kwanta sumul. Ƙ babba ta fi sauƙi, hannunta na sama kawai ake lanƙwasawa.

A gwajin inji wata matsalar ta ɓullo. Ruwan gwal ɗin da muke haɗawa da tawada huɗu rawaya ce kawai da ɗan ja da ɗan baƙi, ba ta da ƙarfin da za ta tsaya wa kore mai duhu. Siririn bakin ƙugiyar ya nutse, Ɗ ta kusa komawa D. Na ƙara wa bakin kauri zuwa wajen milimita 0.3, na biya kuɗin gwaji na biyu, ta fito. Wannan karon PDF na kai, komai zane, kuma na tsaya a kan yaron har takardar farko ta fito.

Ku lura da tazara ma. Ƙugiyar ɗ tana leƙawa kan harafin da ke bin ta, in i ne sai ta yi karo da ɗigonsa. Ku rubuta "faɗi" da "haɗi" ku gani. Ɗan matsar da i kaɗan ya wadatar, amma in aka wuce gona da iri kalmar ta rabe biyu.

Ina cikin wannan fama na riƙa tuna cewa haruffan nan ba jiya aka same su ba. Kafin su, da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko 'yar alama a gefe ake rarrabewa, a shekarun 1930 aka tsayar da ƙugiya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, editanta Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ɗin nan tamu. A zamanin da harafi ƙarfe ne da ake zubawa a jera, mutanen nan sun nemo wa ƙ da ɗ da ɓ mazauni. Mu da kwamfuta ke gabanmu, ku bi IBB Way ku ƙirga allunan shaguna da banonin da aka rubuta "Kofa" da "dinki". Abin yana ci min rai ƙwarai, kuma har makon jiya ni ma ina cikin masu yi.

Don kada in riƙa yanka da walda a kowane aiki, na sauke FontForge, manhajar gyaran salon rubutu, kyauta ce, na zuba haruffa shidan a cikin salon kansa. Kowanne da gurbinsa, wato lambar da kwamfuta ke gane shi da ita: ƙ 0199, Ƙ 0198, ɗ 0257, Ɗ 018A, ɓ 0253, Ɓ 0181. A nan na gano dalilin da ya sa wani salon zai ba ka Ɗ babba ya hana ka ƙarama: ɗ da ɓ ƙanana suna rukunin alamomin furuci ne, manyansu kuma suna wani rukunin tare da ƙ, mai zana salo yana iya cika ɗaya ya tsallake ɗaya. Lambobin suna da amfani a Word ma, a rubuta 0199 a danna Alt da X, ƙ ta fito. Amma ku duba lasisi kafin ku taɓa salon wani. Nawa yana ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda a gyara, na kuma sauya masa suna kamar yadda sharaɗinsa ya nema.

Da daddare na kai wa Kawu. Ya sake sa tabarau, ya bi da yatsa tun daga Bismillah har adireshi, ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Ya zaro guda goma ya ba yara su fara rabawa a unguwa.

Saura ƴ da Ƴ, gurbin 01B4 da 01B3. Mu nan 'y muke rubutawa, amma wani mai shagon atamfa daga Maraɗi ya ba ni aikin sitika, kuma su can da ƙugiya suke yin ta. Na gwada kan f a hannun y na dama, ya yi tsawo da yawa. Gobe in an kawo wuta zan gwada kunnen r.